Ɗinkin sallah ga macen da ta haura arba'in: daga kanti zuwa filin Idi

Yawancin kayan sallar da ke ba mace kunya, ba yadin ne ke da laifi ba, awon ne. Mace ta haura arba'in, jiki ya sauya, amma tela yana nan yana yanka mata kaya da awon da ya rubuta a littafinsa tun shekara huɗu baya, ita kuma ba ta ce a sake ba. Sai ranar Idi riga ta ƙi hawa damtse, ko ta hau amma zama ya gagara. Saboda haka, Hajiya, kafin ki shiga Kantin Kwari ko wata kasuwa, fara da awo.

Ki je awo da rigar maman da za ki sa ranar sallah, da takalmin da za ki taka ko mai tsayinsa. Rigar mama kaɗai tana iya ɗaga ƙirji ko sauke shi da inci ɗaya zuwa biyu, kuma a nan ne ɗinki ke fara karkacewa. A auna kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, ciki a inda ya fi tudu, ƙugu, damtse, zagayen hammata, sannan tsawo. Kada ki shanye ciki lokacin awo. Ba wanda za ki yaudara sai kanki. Atamfa da shadda ba sa talewa, don haka a bar miki sarari: inci biyu zuwa uku a ƙirji, uku zuwa huɗu a ƙugu, biyu a damtse. Ki kuma ce wa tela ya bar rarar inci ɗaya a kowane gefe daga ciki. Azumi yana sauya jiki, wata ta rame, wata kuma kunu da ƙosai da soye-soyen buɗa-baki su ƙara mata. Idan akwai rara, gyaran minti goma ne. Idan an datse ta, sai dai a yi ƙari, ƙari kuwa ba ya ɓoyuwa.

Yadi da yanayin gari

Watan Musulunci yana ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, shi ya sa a 'yan shekarun nan ƙaramar sallah ke faɗowa cikin zafi. A 2025 an yi ta ranar 30 ga Maris a Najeriya, babbar kuma ranar 6 ga Yuni, damina na shigowa. Ga zafin gari, ga shi kuma bayan an haura arba'in ne mata da yawa ke fara jin zafi na taso musu farat ɗaya, gumi ya karyo ko da fanka na kaɗawa, alamar al'ada ta kusa ɗaukewa. Wannan ya isa ya sa ki zaɓi auduga.

Gane auduga ba wuya. Ki zare zare biyu ko uku daga bakin yadin ki kanga musu ashana. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi, da ƙauri kamar na takarda. Mai roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ga atamfa, ki juya bayanta: mai kyau rininta ya ratsa, gaba da baya kusan ɗaya ne. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe, in launi ya biyo shi to mai zuba ce, kuma mai zuba za ta rina miki wuya da hammata da zarar gumi ya taɓa ta. Suna da lambar da ke jikin baki ba hujja ba ce ita kaɗai, domin ana kwaikwayon Holan da sufa har da takardar da ke manne. Kuɗin da ya yi araha fiye da ƙima shi ne babbar alama.

Launi kuma kada ki yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan shago. Ki fito da yadin bakin ƙofa, ki kara shi a ƙasan haɓarki, ki duba a hasken rana. Akwai ruwan toka da ruwan ƙasa da ke kashe fuska, su sa mace ta yi kamar ta tashi daga jinya, alhali shuɗi mai duhu, kore shar, ja mai duhu da ruwan goro suna tayar da yawancin fatarmu. Maganar cewa mace mai shekaru sai launi mai sanyi, al'ada ce kawai, ba doka ba.

Shadda tana da kwarjinin da babu kamarsa, musamman gezna ta Ostiriya da galilar Mali, amma tana da sharaɗi. Ba a wanke ta kafin a sa, don sheƙin zai ragu, kuma gumi ko ɗigon miya yana barin tabo a fili. Ba kayan shiga kicin ba ce. Leshi kuwa, mara nauyi na auduga ya fi mai duwatsu daɗin sawa nesa ba kusa ba. Mai duwatsu yana da kyau a hoto, amma yana kartar hammata, yana kama mayafi, ga nauyi a kafaɗa. In kin nace sai shi, a cire duwatsun da ke ƙarƙashin hannu da wurin zama. Sannan ki kula da shafi. Teloli da yawa suna sa shafin roba saboda araha, sai ki sayi leshi mai tsada mai shan iska a rufe shi da abin da ya yi kama da leda. Ki sayi shafin auduga da kanki ki kai, kuma a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, don yana tsukewa a wankin farko.

Yadda turmi ke rabuwa

Turmin atamfa yadi shida ne, leshi kuwa yawanci yadi biyar ake sayarwa. Idan zane da riga za a yi, lissafin da aka saba shi ne yadi biyu na zane, biyu na riga, ɗaya na ɗankwali, ɗaya ya rage. Amma yadi biyu inci 72 ne, kuma zane yana son tsawon da ya kai zagayen ƙugu sau ɗaya da rabi kafin ya rufa da kyau. Wato yadi biyu yana isar mai ƙugu inci 48. Wadda ta wuce haka ta ce a yanka mata biyu da kwata ko biyu da rabi, in ba haka ba zane zai riƙa buɗewa a tafiya, ta wuni hannu ɗaya yana riƙe da shi. A sa masa mazagi ko igiya a sama, ɗauri ya huta.

Buba ita ce abokiyar rufin asirin mace mai jiki, kuma lissafinta mai sauƙi ne: tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasa sau biyu. Mai tsawon inci 56 tana buƙatar inci 112, wato yadi uku da ɗan ɗoriya, a ƙara na kalmasa. Inda buba ke lalacewa shi ne wuya. In ya yi faɗi, ya riƙa zamewa daga kafaɗa ɗaya, ki wuni kina ja. In an yi masa aiki mai nauyi ba a sa gam a ciki ba, ya rinjayo gaba. Gajeriyar mace ta guji buba mai faɗin da ya kai wuyan hannu, tana haɗiye ta. A tsaya a gwiwar hannu ko ƙasa kaɗan, a yi ɗinkin gefe daga ciki ya ɗan bi jiki.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Zanen atamfa an tsara shi ne don ɗauri, baki ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kuma faɗinta bai wuce inci arba'in da 'yan kai ba. Idan aka yanka doguwar riga a tsaye ba haɗi, furen da ya kamata ya miƙe sai ya kwanta a gefe. In zanen mai kai da ƙafa ne, kamar tsuntsu ko tukunyar fure, sai an yi haɗi a tsakiya kafin ya tsaya daidai. Ga mai tumbi, haɗin ya zauna a ƙasan ƙirji, ba a kan cibiya ba, rigar ta sauka a sake daga nan. Kuma ki faɗa wa tela da bakinki kada babban zagayen zane ya faɗo a kan ƙirji ko mazaunai. Yana jin kunyar faɗa miki, ke kuma sai kin gani a hoto.

Riga da siket mai matse gwiwa ya buɗe a ƙasa, wanda 'yan mata ke yayi, yana da kyau a tsaye kawai. Wadda ke cikin hoton da kika nuna wa tela a waya ba za ta zauna a tabarma ta gaida surukai ba, ba za ta durƙusa gaban murhu ba. Siket mai buɗewa tun daga ƙugu, da rigar da tsawonta ya rufe mazaunai, sun fi zama a jiki. Hannu ya kai ƙasan gwiwar hannu, amma bakinsa ya zama mai naɗuwa har sama da gwiwa saboda alwala. Zif ya kasance a gefe ko ya yi tsawo sosai a baya, don kada ki tsaya kiran yara su zuge miki.

Tela da alƙawarinsa

Kowa ya san alƙawarin tela a goman ƙarshe. Kayan ƙaramar sallah a kai su cikin Sha'aban, in an makara to makon farko na azumi. Na babbar sallah kuma farkon Zulƙida. Ki sa ranar karɓa kwana goma kafin sallah, ki biya rabi, ki riƙe rabi. Ki yanki ɗan ƙyalle daga yadin ki ajiye, da shi za ki nemo mayafi da takalmi, da shi kuma za a raba gardama in kaya sun cakuɗe a shago. Ranar karɓa ki gwada, ba tsayawa gaban madubi kaɗai ba: ki ɗaga hannu biyu sama, ki zauna a ƙasa, ki yi ruku'u da sujada. Duk inda ya ja ko ya yi ƙara, nan ne zai yage.

Ba dole ba ne kala uku sababbi. Ɗaya mai kyau ya fi uku masu araha. Mace ta fita Idi da buba mara nauyi da babban mayafi ko hijabi, ta dawo ta sauya zuwa tsohuwar atamfa don rabon tuwo ko aikin nama, sannan da yamma ko washegari ta fito da babban kayan don gaishe-gaishe ko kallon hawa. Sufar nan ta lefe da ke kwance a ƙasan akwati, in zanenta yana da lafiya, sabuwar riga kawai take nema. A ɗinka mata farin leshi ko mai launin da ya dace, ta fi sabbin atamfofi da yawa.

Kai, ƙafa da ƙamshi

Ɗauri shi ke gama kwalliya, kuma sirrinsa sitati ne. Ɗankwalin da ya yi laushi ba ya tsayawa, komai gwanintar mai ɗaurawa. A sa masa sitati kaɗan a goge. Ki fara da hula mara santsi a ciki, ki ninke bakin ɗankwalin kamar inci uku, ki ɗora a goshi, ki kai bakin biyu ƙeya ki gitta, ki dawo da su gaba ko gefe, ki soke, sannan ki buɗa saman da yatsu. Mai zagayayyar fuska ta ɗaga ɗaurin sama, mai doguwar fuska ta baza shi gefe. Ture-ka-ga-tsiya yana fito da gaban goshi, don haka wadda gashin gabanta ya fara ja baya ta sauko da ɗaurin kaɗan. Kuma kada a haɗa sabon kitso mai zafi da matsattsen ɗauri ko gwaggwaro. Ciwon kai ne a ranar, zubewar gashin gaba kuma a hankali.

Mayafi, ki ɗauki launin da ya fi ƙanƙanta a jikin atamfar, ba wanda ya fi yawa ba. Takalmi da jaka su bi mayafin ko su tsaya a baƙi ko ruwan gwal. In wuyan riga yana da aiki, 'yan kunne da awarwaro sun isa, sarƙa sai ta zama cunkoso. Manyan 'yan kunne masu nauyi kuma suna ƙara tsaga hujin da shekaru suka riga suka ja.

Takalmi a saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma taka shi cikin gida kwana biyu ko uku. Dunduniya mai faɗi, inci ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda ake cirewa ba sai an sunkuya ba. Mai tsini yana nutsewa a yashin filin Idi, a babbar sallah kuma ga laka.

Lalle a yi shi saura kwana biyu, ya sami lokacin nuna. Baƙin da ake haɗawa da dayis na rina gashi yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, don haka a gwada ɗigo a cikin hannu a jira kwana biyu, ko a tsaya ga jan lalle. Turaren wuta a turara kaya a kan kabbasa da daddare, garwashi kaɗan, nesa da yadin, domin leshi mai roba tartsatsi ɗaya ke huda shi. Kayan fita Idi dai a bar su ba ƙamshi, kamar yadda malamai ke karantarwa, a ajiye turaren sai an dawo gida. Humra kuma a jiki ake shafa ta, a bari ta sha iska kafin a sa riga, don maiƙonta in ya taɓa shadda ko farin leshi, da wuya ya fita.