Darasi na Tara: Allo Ya Yi Duhu, Amma Hoton Yana Nan

Wani mai shagon buga takardu ya taɓa kawo mini allon kwamfutarsa a naɗe cikin tsohon zani, a bayan babur. Ko sauka bai gama yi ba ya ce, "Malam, ya ƙone. In akwai mai saye, ko 'yan jari-bola ne, a ba su." Na jona allon da kwamfuta, na kunna. 'Yar fitilar da ke ƙasansa ta kawo kore, shi kuwa allon baƙi ƙirin. Na sa yaron shago ya tura ƙofa, na ɗauko tocila na kara ta a jikin gilashin, a ɗan karkace. Sai ga rubutu dishi-dishi, kamar allon makaranta da aka wanke bai fita sosai ba. Mutumin ya matso, ya ƙura ido, ya karanta rubutun da ke kai. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe da ransa."

Wannan ciwon za mu koyi ganewa da gyarawa a yau. Kafin mu shiga, ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, ku kuma rubuta su: fi-ti-la, fa-nel, in-ba-ta, kwan-dan-sa, mi-ta, dal-ma.

Me ke bayan gilashin?

Ku ɗauko takardar naira ku ɗaga ta sama wajen rana. Za ku ga wani hoto a ɓoye cikin takardar. Ku sauke ta cikin inuwa, hoton ya ɓace. Bai je ko'ina ba, haske ne babu a bayansa. Haka siririn allon kwamfuta yake, irin wanda ake kira LCD. Gilashin yana zana hoto, amma ba shi da hasken kansa. Fitila ce a bayansa take haskowa. In ta mutu, gilashin yana ci gaba da aikinsa a cikin duhu.

Fitilar iri biyu ce. Tsofaffin alluna suna da dogon ƙwai na gilashi, ɗan'uwan farin ƙwan da ake sawa a rufin ɗaki, sai dai kaurinsa bai wuce tsinken ashana da yawa ba. Sunansa CCFL. Allo mai inci 17 ko 19 yakan zo da biyu ko huɗu, a gefen sama da na ƙasa. Wannan ƙwai ba ya kamawa da ƙaramar wuta. Akwai sashen da ke ɗaga masa wuta daga wajen bolt 12 zuwa bolt 600 ko fiye, lokacin tashi ma takan haura 1000. Sashen nan shi ne inbata. Kada ku ɗauka shi ne inbatar sola ta gida, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Daga wajen shekarar 2010 kamfanoni suka koma amfani da LED, wato ƙananan ƙwayayen nan irin na tocilar zamani, an jera su a kan siririn falle. Amma da yake yawancin allunan da ke shagunanmu da makarantunmu na hannu ne, har yanzu za ku yi ta cin karo da tsohon samfurin.

Kafin a kwance noti ko ɗaya

Sabon mai gyara hannunsa ƙaiƙayi yake yi, so yake ya buɗe. Ku daure tukuna. Ku cire wayar da ta taho daga kwamfuta, ku bar ta wuta kaɗai, ku kunna allon. Idan wani ɗan akwati mai rubutu ya fito da haskensa rangaɗau, fitila lafiyarta ƙalau. Laifin na waya ne ko na kwamfutar. Ku kuma duba ko wani yaro ya danne maɓallin haske har ƙasa. In allon mai caja ne a waje, irin ta kwamfutar cinya, ku auna cajar da mita, wato na'urar auna wuta ta hannu, ku gani ko tana ba da abin da aka rubuta a jikinta, 12V ko 19V.

In duk wannan bai nuna komai ba, sai gwajin tocila, a ɗaki mai duhu. Kun ga hoto? To fitila ce ko abin da ke ba ta wuta. Ba ku ga komai ba, ko inuwa? Wannan wani ciwon ne daban, ba na darasin yau ba.

Sannan ku lura da yadda allon yake mutuwa, domin kowane hali da abin da yake nunawa. Wanda sai an yi ta kunnawa ana kashewa kafin ya tashi, ko 'yar fitilarsa tana ƙifce-ƙifce, galibi kwandansa ce, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta a cikin allon. Wanda yake tashi da ja-ja kamar ruwan zoɓo kafin ya washe, ƙwansa ne ya tsufa. Wanda kuma yake kawo haske na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ɗauke, za mu zo kansa.

Abin da ke iya kisa

Ku zare fulogi daga bango. Kashe maɓalli bai isa ba. Ku shimfiɗa tsumma mai laushi a tebur, ku kifa allon a kai, ku kwance ƙafarsa da notinan baya. Murfin robar yana da ƙananan haƙora da suka riƙe shi ta ciki. Ku bi gefe-gefe da tsohon katin roba ko siririn abu marar kaifi, kuna ɗagawa a hankali. Garaje ba ƙarfi ba ne, haƙoran nan in sun karye murfin ba ya sake zama daidai.

A ciki za ku ga fanel biyu, wato faifan da aka liƙa ƙananan kayan lantarki a kansu. Ƙaramin na hoto ne. Babban, wanda wayar bango ke shiga cikinsa, shi ne na wuta, kuma sau da yawa inbata a jikinsa take. Kafin ku cire ko waya ɗaya, ku ɗauki hoton komai da wayarku ta hannu.

A kan babban fanel ɗin akwai wata kwandansa da ta fi sauran girma, kamar babban batirin tocila ko ƙasa da haka, an rubuta mata 400V ko 450V. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ita kuma wannan kwandansa tana tara sama da bolt 300 a cikinta, tana kuma iya riƙe su bayan an zare fulogi. Mutane da yawa wuta ta ja su alhali wayar tana yashe a ƙasa. Ku samu tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, na wat 60 ko 100, a cikin mazauninsa da wayoyi biyu masu rufi. Ku taɓa bakin wayoyin a ƙafafun kwandansar biyu. Ƙwan zai ɗan yi walƙiya ya mutu. Daga nan ku auna da mita ku tabbata ta zube. Na san akwai masu haɗa ƙafafun da sukundireba, ta yi tartsatsi su yi dariya. Ba gwaninta ba ce, ɓarna ce, tana cinye layin fanel.

Ku sa takalmin roba, ƙasa a bushe, hannu a bushe. Zobe da agogon ƙarfe a aljihu.

Kwandansa mai kumburi

A nan yawancin gyaran yake, kuma a nan karatunku zai biya ku. Ku dubi ƙananan kwandansoshin da ke tsaye kamar gwangwanaye a ɗaya ɓangaren fanel ɗin. Kan mai lafiya a shafe yake, da ɗan zane kamar gicciye. Ku shafa da yatsa. Wadda ta lalace kanta ya yi tozo, kamar gwangwanin tumatir da ya ɓaci. Wata za ku ga ta yi dattin ruwan ƙasa a kai ko a gindi.

Zafi ne ajalinsu. Akwai ruwan magani a cikin kowace, yana bushewa a hankali, kuma ƙa'idar masu ƙera su ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan kwandansa biyu. To ku tuna shago mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturun bara ta toshe kafofin iska na bayan allon. Kwandansar da ta bushe ba ta iya tace wuta, inbata kuwa ba ta aiki da wuta mai rawa.

Yanzu ku karanta jikinta. Za ku ga abu kamar haka: 470µF 25V 105°C. Lambar farko girman cikinta ne. Harafin nan mai kama da u mai jela ana karanta shi "maikuro". Sabuwar da za ku saya dole lambar nan ta zama ɗaya da ta tsohuwar. Ta biyu, 25V, iyakar wutar da take ɗauka ce. Za ku iya sa mai 35V a gurbin mai 25V in wurin ya ɗauke ta, amma ba a sa mai 16V. Ta uku zafin da take jurewa ne. In mai kanti ya miƙo muku mai 85°C ya ce ai duk ɗaya ne, ku mayar masa. Ku rubuta lambobin a takarda kafin ku tafi kasuwa, ko ku tafi da tsohuwar a aljihu.

Kwandansa tana da gaba da baya. A gefe ɗaya akwai ratsi mai alamar ɗebewa, irin wadda muka koya a lissafi. Sabuwa kuma ƙafarta ɗaya ta fi tsawo, ita ce ta tarawa. Ku duba inda ratsin tsohuwar yake kallo, ku yi alama da biro a kan fanel kafin ku cire ta. In aka sa ta a juye, fashewa take yi.

Ku ɗora bakin ƙarfen liƙi a gindin ƙafar, dalma ta narke, ku zare. Kada ku daɗe a wuri ɗaya, layin jan-ƙarfen yana ɗagowa. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya rungume ƙafar kamar ɗan tsauni. Shawarata, in biyu sun kumbura cikin shida da ke jere, ku sauya shidan. Rana ɗaya aka sa su, zafi ɗaya suka sha, kuma kuɗinsu bai kai wahalar sake buɗe allon ba. Na mai shagon nan da na ba ku labari, uku ne suka yi tozo. Bai kai la'asar ba ya ɗaure abinsa a babur.

Tunda fanel ɗin yana hannunku, ku juya bayansa ku duba ƙafafun taransifoma da gilashin ƙara girma. In kun ga siririn zobe ya kewaye ƙafa, dalmar ta tsage, sai ku sake narka ta ku ƙara sabuwa. Ku auna fis ɗin da ke mashigar inbata. In ya yanke, akwai abin da ya yanke shi, galibi taransista ce, wato ɗan makunnin wuta da ke kan fanel, ta haɗe. In fis kaɗai kuka sauya, zai sake yankewa. Ba a ɗaure fis da waya.

Mai kawowa ya ɗauke

Inbata tana da mai gadi a cikinta. Da ta kunna ƙwayaye, sai ta duba ko kowanne yana jan wuta daidai. In ɗaya ya gaza, sai ta kashe duka don kada wani abu ya kama da wuta. Shi ya sa kuke ganin haske na ɗan lokaci sannan duhu.

Don gano mai laifin, ku ajiye ƙwai ɗaya mai lafiya daga wani mataccen allo. Ku zare fulogi, ku cire wayar ƙwai na farko daga fanel, ku jona naku a gurbinsa, ku ajiye shi a kan busasshen katako, ku janye hannu, ku kunna. In hasken ya sake ɗaukewa, ku zare fulogi, ku mayar da na farko, ku koma na biyu. Wanda kuka maye gurbinsa haske ya zauna, shi ne mataccen. Kada ku kuskura ku sa mita a bakin da wayar ƙwai ke fita, wutar wurin ta fi ƙarfinta. In kuna zargin taransifomomin inbata, ku auna su a kashe, mita tana kan ma'aunin om, ku kwatanta ɗaya da ɗan'uwansa. Lambobinsu kusan ɗaya ya kamata su zama. Wani lokacin ma hanci ne zai gaya muku: ƙaurin roba da ƙarar tsss a kusurwar allo, wayar bakin ƙwai ce ta ƙone.

A allon LED ƙwayayen a sarƙe suke, wuta tana bi ta cikin ɗaya zuwa na gaba, kowanne yana cin wajen bolt 3. Ɗaya ya yanke, layin duka ya mutu. Akwai 'yar na'urar gwada su da ake sayarwa, tana nuna wanda ya ƙi kamawa. Sauya fallen gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Ciro ƙwai ko falle yana bukatar a buɗe firam ɗin gilashin kansa, kuma ba zan so ku yi na farko ku kaɗai ba. Bayan gilashin akwai farar takarda, da kauri-kaurin roba mai kamar gilashi, da wasu siraran fallaye biyu ko uku. Yadda kuka ɗaga su haka za ku mayar, ba juyi, ba sauya layi. Ƙura ɗaya ta shiga tsakani, mai allo zai yi ta ganin ta kullum. Ku rufe taga, ku kashe fanka. Siraran leda masu ruwan zuma da ke maƙale a gefen gilashin kuwa, in ɗaya ta yage, allon ya tashi daga aiki.

Ƙwan CCFL akwai zaiba a cikinsa, guba ce. In ya fashe ku buɗe ƙofa da taga, ku fita na ɗan lokaci, ku kwashe da kwali ba da hannu ba. Kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi a wuta. Da yake sababbin ƙwayayen nan sun yi wuya, masu gyara da yawa yanzu cire su suke yi su sa fallen LED mai zuwa da ɗan fanel ɗinsa. Wayoyi huɗu yake nema: ta wuta, ta ƙasa mai alamar GND, ta kunnawa, da ta rage haske mai alamar DIM ko ADJ. Sunayen suna rubuce a jikin tsohon fanel, kusa da inda wayoyin suka shiga.

Aikin gida

Ku nemo mataccen rediyo ko tsohuwar caja da ta daɗe a ajiye. Ku sami kwandansa uku a ciki, ku kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kowace cikin littafinku, ku zana ta, ku nuna gefen da ratsin yake. A zama na gaba kowa ya zo da tocila, akwai alluna biyu da za mu gwada a aji.