Yadda ake auna nauyin top kwak

Da farko dai ka cire rai da ganinsa. Top kwak, wanda ya fi nauyi a cikin kwak, wato wasu ƙananan ɓurɓushi da ba a iya raba su, ba ya daɗewa, kusan 5×10⁻²⁵ na sakan ya tarwatse, tun kafin ma ya samu damar haɗuwa da wani kwak ɗin, don haka aikinka bin sawu ne kawai. Haka ayarin masana na CDF da D0 suka yi a cibiyar bincike ta Fermilab a Amurka har suka gano shi a 1995, haka kuma ayarin ATLAS da CMS ke yi yanzu a LHC, injin gwara furoton na cibiyar CERN, wancan ramin mai kilomita 27 a kan iyakar Faransa da Suwizalan.

In karon furoton biyu ya haifar da top, yawanci biyu ake samu, shi da kishiyarsa, kowanne kuma kusan kullum yakan tarwatse ya zama wani ɓurɓushi mai nauyi da ake kira W, da wani kwak da ake kira b. To a nan za ka zaɓi karon da za ka ɗauka. Ni dai shawarata ka ɗauki wanda W ɗaya ya ba da ilektiron ko muwon (ɗan'uwan ilektiron mai nauyi) tare da nutirino (ɓurɓushi marar caji), ɗayan kuma ya fashe ya zama jet biyu, wato feshin ɓurɓushi. In ka ce sai wanda duk jet ne, tarkace zai cika maka allo ka rasa na kamawa.

Kowane b shi ma jet yake zama, sai ka nemo jet biyun nan na b. Alamarsu ita ce abin da b ɗin ya zama yakan yi 'yar tafiya ta milimita kaɗan kafin ya ruɓe, sai ka ga layukan sawun ɓurɓushin sun fito daga gefe ba daga ainihin wurin karon ba. Nutirino kuwa ba ya barin sawu ko kaɗan, giɓin da ya rage a lissafin ƙarfin abin da ya fito daga karon shi ne nasa.

Wahalar fa tana wajen haɗawa, wane b ne na wane W, kuma na'urar da ke ɗaukar sawun ba ta auna ƙarfin jet daidai wallahi. Dabarar ita ce tunda an san nauyin W kusan 80.4 GeV ne (GeV shi ne ma'aunin nauyin irin waɗannan ɓurɓushi), sai ka gyara sikelinka da jet biyun da W ya ba da har su ba da hakan, sannan ka ɗora b a kai. Ka maimaita a karo dubu-dubu, ka zana, ka gwada da abin da kwamfuta ta kwaikwaya. Tudun zanen zai tashi wajen 172 zuwa 173 GeV, kusan nauyin ƙwayar zarra guda ta tungisten.