Yadda ake ɗaure kaya da raga kafin a gangara Hawan Kibo

Motar da ta yi lodin kayan gwari a kasuwar Farin Gada ta Jos za ta Abuja ta hanyar Akwanga da Keffi, dole ta sauka Hawan Kibo. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saukar kuwa gangara ce mai kwana-kwana. Direba ya taka birki, kaya su turo gaba. Ya sha kwana, su kwanta gefe. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta Turai ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan ta gaba, kashi 50 kuma ta gefe da ta baya. Ke nan in ka ɗauko dankali kilo 1,000, ka yi shirin tare turin kilo 800. Ragar da aka saba gani a kasuwa ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Aikinta shi ne ta tattare kaya wuri guda, ta hana ƙanana tsalle. Riƙe nauyi kuwa aikin igiya ne da bel, wato ɗamarar ɗaurin kaya mai ƙugiya.

Fara da zaɓen ragar. Idonta ya zama ya fi ƙaramin abin da ka ɗauko ƙanƙanta: wadda za ta tare kabeji ba lallai ta tare albasa ba. Duba igiyar da ta kewaye bakinta, ita ce ke shan ja, don haka ta zama mai kauri, ba tsinkakke ko ɗaya. Rana tana cin zaren roba a hankali. Murza shi da yatsu. In ya yi gari ko ya kakkarye, ragar ta mutu ko da idonka na ganin ta lafiya. Mai talewa irin ta 'yan acaɓa ta ƙananan kaya ce, kada ka kai ta kan buhu.

Sai lodi, kuma a nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Masu nauyi a ƙasa, a manne da ƙarfen da ke bayan kan mota, kada a bar tazara ko ta tafin hannu, domin kayan da suka samu wurin zabura su ne ke tsinka igiya. A jera buhuna a sarƙe kamar yadda magini ke jera bulo, sahu ɗaya a tsaye, na samansa a gicciye. Nauyin ya daidaita hagu da dama, kada kuma ya taru a bayan tayoyin baya. Kwandunan tumatir da buhunan kabeji su hau sama. Duk ramin da ya rage a cusa masa kwali ko buhun da babu komai. 'Yan dako suna sauri don wata motar na jira, hakkinka ne kai direba ka tsaya a kansu.

Yanzu a ja bel. Mai kyau yana zuwa da 'yar takarda a ɗinke da ke nuna ƙarfinsa. In babu ita, ƙarfinsa hasashe ne kawai. Maƙala ƙugiya a zoben ƙarfen bodi ko a jikin shasi, ba a kan gwangwanin da za ka iya lanƙwasawa da hannu ba. Inda bel zai bi ta kan kaifi, sa masa kwali ko guntuwar tsohuwar taya. Bel ɗin da ya tsinke aka ƙulla, a yar da shi.

Batun tamfol ya danganta da kaya. Hatsi da siminti a damina suna buƙatarsa, sai a shimfiɗa shi a ɗora raga a sama ta hana shi kaɗawa. Kayan gwari kuwa in ka lulluɓe su ruf ka shiga zafin Keffi, dahuwa za su yi. Raga ita kaɗai ta fi musu, suna shan iska.

Shimfiɗa raga aikin mutum biyu ne. A fara kama kusurwoyin gaba, a ja zuwa baya, sannan a bi gefuna ana kamawa hagu da dama bi da bi, don kada ja ya rinjayi ɓangare ɗaya. In ta yi yawa, kada ka bar ta tana reto kusa da taya. Naɗe rarar, ka sa ƙugiya a idon ciki. Fitilun baya da lambar mota su kasance a buɗe, ko don jami'an hukumar kiyaye haɗurra. Kafin a cilla igiya ta saman kaya a yi magana, "Oga, a kauce!", domin ƙugiyar ƙarfe ba ta san kan mutum ba. Yaron mota kuma ya sauko kafin a tayar.

Buhuna suna zama da zarar an fara tafiya, ɗaurin da ya yi tsam a Farin Gada sai ya saki. A Amurka doka ta ce a duba kaya cikin mil 50 na farko, wato kilomita 80. A hanyarmu wannan ya yi nisa. Tsaya wajen Mararrabar Jama'a ka ƙara ja, ka sake dubawa kafin ka fara gangara, sannan a Akwanga. In an isa, a sassauta bel a hankali daga gefe, ana kallon ko wani buhu ya jingina da ragar.

Rodi da katako da kwanon rufi irin na kasuwar Dei-Dei ta Abuja ba ruwansu da raga, zurarewa suke yi ta cikin idonta. Bel ko sarƙa suke so, da jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya zarce bodi. A wurin ginin ma akwai irin wannan ruɗu: koriyar ragar da ake zagaye bene da ita a Abuja ta tare ƙura ce da ɓaraguzai, ba za ta riƙe lebura ba. Ragar tare mutum daban take, ana ɗaure ta kusa da ƙasan inda ake aiki, kuma ƙa'idar Turai ba ta yarda faɗuwar ta wuce mita 6 ba. A bar fili a ƙarƙashinta saboda lotsawa, kuma duk ranar da ta tare abu mai nauyi a sauke ta, gwani ya duba kafin a mayar.