Yadda Ake Shiga Dajin Yankari a Ga Abin da Ke Cikinsa

Mafi yawan masu zuwa Yankari giwa ce a ransu, idan kuma motar zagaye ta dawo masauki ba su yi ido biyu da ita ba, sai su ce tafiyar ta tashi a banza. Ina ganin ba a yi wa dajin adalci ba, domin gandun da ya kai murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe tun 1956 aka kuma buɗe wa baƙi a 1962, yana da abin kallo a kowane taku ga wanda ya san itatuwa kuma ya iya karanta sawu.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ganye ya rufe ko'ina, ruwa kuma yana kwance a kowane kwari, saboda haka dabbobi sukan watsu cikin daji. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu kuwa itatuwan tudu sun zubar da ganye, tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa kuma tana kora namun daji zuwa kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun ba ya kuma ƙafewa. Mai son sanyi ya je da hunturu, amma wanda zai iya jure zafin bazara shi ya fi samun rabo. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe a ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Ya kamata a tuntuɓi ma'aikatan gandun kan halin hanya da tsaro kafin a bar gida, a kuma shirya isa da sauran rana.

Tufafi ba ƙaramin al'amari ba ne. Tsando yana bin baƙi da shuɗi, cizonsa kuma yana ratsa yadi mara kauri, don haka a sa riga mai dogon hannu mai launin ƙasa ko ruwan toka, da rufaffen takalmi saboda ƙaya da macijiyar nan kasa, wadda kan kwanta lamo cikin busasshen ganye. A riƙe ruwa mai yawa, a bar turare a gida.

Ba a shiga daji sai da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun, kuma fitar sassafe ko ta bayan la'asar ita ce mai amfani, domin da rana tsaka komai yana laɓe a inuwa. Shawarata ita ce tun kafin mota ta tashi a gaya wa jagoran cewa ana son a riƙa tsayawa, ko da babu wata babbar dabba a gaba, saboda direban da ya ɗauka giwa kawai ake nema zai yi ta gudu ya wuce rabin abin da aka zo gani.

A fara da itatuwa, domin su ne ke gaya wa mutum inda yake. A kan tudu mai jigawa za a ga kawo da taura da taramniya da baushe, a tsaye nesa-nesa da juna, rana na sauka tsakaninsu har ƙasa. Kawo ba ya ɓoyuwa ga wanda ya duba gindinsa: kwanson 'ya'yansa mai tauri ne kamar katako, idan ya tsage sai a ga baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi a jere, kowace da jar hula a kanta. Madobiya kuwa da rani take ado, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya sai fure rawaya da ya lulluɓe rassanta, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Wannan itaciya ce masu safarar katako zuwa Sin suka yi wa kisan kiyashi a Afirka ta Yamma, har aka ƙara tsaurara dokar cinikinta tsakanin ƙasashe a 2017, saboda haka ganin tsohuwar madobiya a tsaye da kaurinta abu ne da ya cancanci a kashe mota a dube shi da kyau. Da zarar hanya ta fara gangara, marke da tsamiya suka yawaita, sannan maɗaci da ɗinya da giginya suka haɗe sama da inuwa mai duhu, to an kusa ruwa, nan ne kuma ya kamata kowa ya yi shiru.

Daga nan sai a mai da ido ƙasa. Sawun giwa faffaɗa ne kamar faifai, na ƙafar gaba a zagaye, na baya kuma ya ɗan yi tsawo. Idan kashinta yana da danshi, buzuzu na mirgina shi, rassan da ta karya kuma ba su yi yaushi ba, garken bai yi nisa ba. Wanda ya tona kashin da tsinke zai tarar da ƙwallon taura ko na giginya a ciki, ta haka kuwa giwa ke shuka dajin da take ci. Sawun ɓauna kamar na saniya yake sai dai ya fi girma, ramukan da aka tone a gindin ciyawa kuma aikin mugun dawa ne, wanda ke durƙusawa a kan gwiwoyinsa ya yi kiwo, in ya firgita ya ruga da wutsiya a miƙe sama. Gwambaza ba ta nisa da ruwa, mazo yana son duhuwar bakin rafi, gwanki da kanki kuma sun fi son sarari.

Kunne ma yana da nasa aiki. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350 a gandun, kuma sau da yawa su ke tona asirin manyan dabbobi. Carki idan ya tashi da kuka daga cikin ciyawa, akwai ɓauna ko gwanki a ƙarƙashinsa, haushin gwaggon biri daga kan itace kuma alama ce ya hango abin da bai yarda da shi ba. Da asuba akan ji gunjin burtu daga nesa, tsuntsun nan da maharbanmu na da suke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa don su kusanci nama. Ganinsa yana takawa a natse tare da iyalinsa, ba mai farautarsa, yana cikin abubuwan da suka fi faranta mini rai a wurin.

Idan Allah ya sa aka haɗu da giwa ko ɓauna, kada kowa ya sauka daga mota, kada a ɗaga murya, kada kuma a matsa wa direba ya ƙara kusa saboda hoto, musamman idan akwai 'ya'ya a garken. Giwar da ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai gargaɗi take yi, abin da ya dace shi ne a ja da baya a hankali. Haka nan ba a tsayawa dab da bakin ruwa, saboda kada da dorina.

A masauki kuwa gwaggon biri ne abin kiyayewa. Sun saba da mutane ƙwarai, suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe, suna kuma fizge leda daga hannun yaro, laifin kuma na baƙin da ke jefa musu abinci ne. A kulle ƙofa da taga, a ci abinci a ciki, a tattara robobi da ledoji a fita da su. Bayan zagayen yamma sai a gangara matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwa mai ɗumin digiri 31 ke fitowa daga ƙarƙashin dutse dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa, a wanke ƙurar hunturu a kwanta da wuri, domin fitar gobe tun kafin rana ta ɓullo ce.