Yadda Za Ka Riƙe Wuraren Yawon Buɗe Ido Na Tsaunukan Arewa Maso Gabas Don Jarrabawa

Wanda zai zauna JAMB, WAEC ko NECO a darasin labarin ƙasa, da wanda ke jiran jarrabawar ɗaukar aiki ta Kwastam ko ta shige da fice, duk suna iya cin karo da tambaya kan tsaunuka da wuraren yawon buɗe ido. Yawanci abu huɗu ake nema: a wace jiha wurin yake, wane irin wuri ne, nawa ne tsayinsa ko faɗinsa, da me ya yi suna. Haddar jerin sunaye kamar karatun allo ba ta kai mutum ko'ina a nan, domin da zarar an jera maka jihohi huɗu maƙwabtan juna ka zaɓa, haddar sai ta watse. Ɗan Bauchi da ɗan Gombe suna da sa'a, tunda tsaunukan sun kewaye su ne. Daga gida za a fara.

Nemi farar takarda, fensir da taswirar Najeriya mai jihohi 36. Duba wannan da kyau, domin taswirar da aka buga kafin 1996 za ta ɓatar da kai. Sa Bauchi da Gombe a tsakiyar takardar. Ja kogin Binuwai a ƙasa, sannan ka ja kogin Gongola: ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauchi ta arewa maso gabas, ya yi kwana a wajen Nafada, ya gangaro kudu ta Dadin Kowa, ya faɗa Binuwai a Numan. Waɗannan koguna biyu su ne ginshiƙin zanen. A hagu ka sa tudun Jos, a dama ta sama tudun Biu. Sai ka bi iyakar Kamaru daga arewa zuwa kudu: Mandara, Alantika, Shebshi, Mambila, can ƙarshe Obudu a jihar Kuros Riba. Mandara ce kaɗai a cikinsu take arewa da Binuwai. Ka zana wannan da ka, ba tare da leƙen littafi ba, har sai hannunka ya saba kafin ka ƙara suna ko ɗaya.

Daga nan sai ka yanka kwali ƙanana, kowane wuri da katinsa. A gaba sunan wurin kamar yadda ake rubuta shi a takardar jarrabawa, a baya layi huɗu: jiha da ƙaramar hukuma, irin wurin, adadi ɗaya, da abu ɗaya da ya bambanta shi da saura. Adadi ɗaya tak. Mai cusa alƙaluma biyar a kati ɗaya shi ne ke ba Mambila tsayin Obudu.

Fara da Taraba, domin nan ne nama yake. Tudun Mambila yana ƙaramar hukumar Sardauna, hedikwatarta Gembu, tsayinsa kusan mita 1,600 a matsakaici, kuma a Kakara ake noman ganyen shayi. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti dab da iyakar Kamaru. Gandun shi ne mafi girma cikin gandayen daji na ƙasa, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991, kuma ya shiga jihohi biyu, Taraba da Adamawa. Ga tarkon da ya fi kama ɗalibai: Vogel Peak, wato Dimlang, a tsaunukan Shebshi, mita 2,042. Wasu tsofaffin littattafai shi suke ba kambun tsayi, don haka za ka gan shi cikin zaɓi yana harararka. Shi ne mafi tsayi a Shebshi, amma Chappal Waddi ya ba shi mita 377.

Kada ka tsaya kan sunaye, ka san dalili, domin WAEC da NECO suna son a yi bayani. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyos. Garin Bauchi yana kan mita 600 da 'yan kai, Mambila kuwa kusan 1,600. Bambancin mita 1,000 ke nan, saboda haka in Bauchi tana digiri 32, lissafi zai ba ka kusan 25.5 a can sama. Wannan sanyin, tare da ruwan saman da ke zuba idan iska mai laima ta hau tsauni ta huce, shi ya sa shayi ke yi, ciyawa ke wadata, ƙudan tsando ba ya samun wurin zama, shanu suke ƙiba. Amsa ɗaya ce za ta yi maka aiki a Mambila, Obudu da Jos. A lissafin, kuskuren da aka fi yi shi ne ninka 6.5 da tsayin tudun gaba ɗaya. Bambancin tsayin wuraren biyu ake ninkawa.

A Adamawa, Sukur ce kan gaba: ƙaramar hukumar Madagali, kan tsaunukan Mandara, ta yi suna da gonakin da aka jera hawa-hawa a jikin dutse, hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, da fadar sarkinta mai sarautar Hidi. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ita ce ta farko a Najeriya. Kurmin Osun na Oshogbo ya biyo baya a 2005, kuma ana yawan musanya shekarun biyu. Tudun Biu na Borno kati ɗaya ya ishe shi: aman wuta ne ya gina shi, ga tafkin Tila a cikin tsohon ramin aman wutar.

Jos kuwa wurarenta suna da yawa, sai a rarrabe su. Duwatsun Shere, kusan mita 1,829, su ne ƙololuwar tudun. Riyom duwatsu ne da suka hau kan juna. Dutsen Wase toshiyar bakin tsohon dutse mai aman wuta ce da ta daskare, zaizayar ƙasa ta cinye kewayenta ta bar ta tsaye, kuma yana can ƙasa a fili, ba a kan tudun ba. Assop da Kurra magangarar ruwa ne. Gidan tarihi na Jos an buɗe shi a 1952. Magangarar ruwa ta Farin Ruwa fa? A Wamba take, jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996.

Wannan batu na ƙirƙiro jihohi ya cancanci katinsa na musamman. An raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba a 1991, an cire Gombe daga Bauchi a 1996. Littafin yayanka da ya ce Mambila tana jihar Gongola, ko Tula tana Bauchi, gaskiya ya faɗa a zamaninsa, amma yau maki zai ci maka.

Na gida ma ba a raina su, kuma abin kunya ne ɗan Alƙaleri ya faɗi tambayar gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumarsa. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta a 1956, an buɗe ta ga jama'a a 1962, ta zama gandun daji na ƙasa a 1991, ta dawo hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Don haka idan aka ce wanne ne ba ya cikin gandayen da ke hannun tarayya a yanzu, ka san inda za ka danna. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin Yankari, yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ita Yankari dajin sabana ce, kada ka jera ta cikin tsaunuka. A Gombe, tudun Tula yana ƙaramar hukumar Kaltungo, madatsar ruwa ta Dadin Kowa tana Yamaltu-Deba, filin yaƙin Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a 1903 yana Funakaye.

Ƙara kati biyu na nesa don ana cusa su cikin zaɓi: dutsen Zuma na jikin naira 100 yana jihar Neja ne, ba Abuja ba, duwatsun Idanre kuma suna Ondo.

Katunan za su kai ashirin da 'yan kai. Ɗauki biyar a rana, kuma kowace safiya ka fara da na jiya kafin sababbi. Wanda ka kuskure ka ware shi gefe, ka je ka ɗiga shi a kan taswirar da ka zana, domin yawancin kuskuren na wuri ne. In ka gama su duka, ba wani ya riƙa jefo maka tambaya ta baya: ya faɗi "Madagali" ko "2,419", kai ka kawo sunan. Ku sa agogo. JAMB tana ba da tambaya 180 cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya, kuma irin waɗannan ya kamata ka sallame su cikin daƙiƙa goma, ka tara sauran lokacin don tambayoyin karatun taswira da lissafin sikeli.