Yadda ake sabunta jerin manhajojin sabar idan katangar tsaro ta tare hanya

Yawancin sababbin hannu da na gani sun maƙale a nan Yamai abu ɗaya suke yi: su buga sudo apt update, allo ya tsaya cak a 0%, sai su ɗora wa kamfanin intanet laifi. Alhali layi lafiya lau yake, katangar tsaron ofis (firewall, mai tace abin da ke shiga da fita ta intanet) ce ta hana sabar fita.

Fara da sanin inda sabar take son zuwa. Buɗe /etc/apt/sources.list, in kuwa Ubuntu 24.04 ce, duba ubuntu.sources a cikin sources.list.d. Wanda ya zaɓi Nijar lokacin girkawa yakan tarar da ne.archive.ubuntu.com a ciki. Kai wa mai kula da katangar wannan sunan tare da security.ubuntu.com, ya buɗe musu ƙofa (port) 80 da 443. Suna za ka ba shi, ban da lambar IP, domin lambobin nan canjawa suke yi, musamman na deb.debian.org in sabar Debian ce.

In ya ce sai ta furoksi (proxy), wato wata na'ura a tsakani da za ta riƙa fita intanet a madadin sabarka, kada ka ɓata lokaci da export http_proxy, sudo yana zubar da shi. Ƙirƙiri /etc/apt/apt.conf.d/95proxy ka rubuta:

Acquire::http::Proxy "http://10.0.0.5:3128";

Sa lambar ofishinku a madadin wannan, ka ƙara layi irinsa na https. Kada ka manta waƙafi mai ɗigon da ke ƙarshe.

Ga inda ni na sha wuya. Wata rana cikin zafin Afrilu an ɗauke wuta, da ta dawo sabar ta tashi, ƙofofi a buɗe, furoksi daidai, amma apt ya kafe yana cewa "Release file is not valid yet". Na wuni ina zargin katanga, har na sake rubuta fayilolin sau biyu. Ashe ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo in babu wuta, ya mutu, agogon sabar ya koma shekarun baya. Shi kuwa apt ba ya karɓar jerin da kwanan watansa bai zo ba tukuna a lissafinsa. Sabar ta kasa gyara agogon da kanta saboda katangar ta rufe ƙofa 123 ta UDP, wadda NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, ke bi. Don haka kafin komai buga timedatectl ka ga kwanan wata da idonka. In ya karkace, kashe daidaitawar da sudo timedatectl set-ntp false, ka saita shi da sudo timedatectl set-time, yankin lokaci kuma Africa/Niamey. Batirin ba shi da tsada, saya biyu ka ajiye ɗaya a aljihun tebur.

In har yanzu yana tsayawa, gwada sudo apt -o Acquire::ForceIPv4=true update, wanda ke tilasta wa apt amfani da lambobin IP irin na IPv4 kawai. Mai sabar fiye da biyu kuma ya girka apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye kwafin abin da aka sauke, a ɗaya, sauran su bi ta ƙofa 3142, kuɗin data zai ragu sosai.