Yadda ake farfaɗo da kurmin aspen da ya fara mutuwa

Aspen bishiya ce mai farin ɓawo da ke tsaunukan yammacin Amurka da Kanada. Ba ta cika dogaro da iri ba, daga saiwa take toho. Kurmin Pando na jihar Yuta, mai faɗin kusan hekta 43 da bishiyoyi kimanin 47,000, duk saiwa ɗaya ce. Manomin Maraɗi da ya san sassaben zamani zai gane dabarar nan take: abin da ke cikin ƙasa shi ake raya.

Da farko ka shiga kurmin ka dubi ƙasa, ka bar kallon manyan bishiyoyi. In babu 'yan tohon da suka kai ƙugu, ko ka ga an gutsure kawunansu, to ka gano ciwon. Barewa, ko babbar 'yar uwarta elk, ko shanu ne ke cinye su tun suna ƙanana.

Sai ka sare itatuwan fir, wato dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, da suka yi wa aspen inuwa, domin aspen da rana take rayuwa. A da gobarar daji ce ke wannan aikin, amma da aka shafe shekaru ana kashe ta, sai fir suka mamaye wurin. Inda hukuma ta yarda, akan sa wuta cikin tsari. Sare wasu tsofaffin aspen ɗin ma yana sa saiwar ta fitar da toho rututu.

Daga nan sai shinge, kuma nan ne aiki yakan lalace. Toho ba shinge, ka shirya wa dabbobi walima ne kawai. A ɗaga shi ya kai mita 2.4, domin barewa gwanar tsalle ce, a riƙa zagayawa ana toshe kafa. A Pando, ɓangaren da aka killace a 2013 ya cika da toho, wani ɓangaren kuwa barewa ta samu hanyar shiga, ta koma ci. Kada a cire shinge sai kan tohon ya wuce bakin dabba, wato sama da mita 2.

Matattun bishiyoyin da ke tsaye kuma, ka ƙyale su. Maƙwaƙwafi ne ke huda su ya yi sheƙa, in ya tashi, ƙananan mujiyoyi da wasu tsuntsaye su gaji ramin.